Dalolin Inna Masu Huji

Kwana tara na yi a Ikko ina jiran jirgin ruwa, kuma a cikin kwana taran nan kuɗin jakina suka ƙare. Jaki ne mai ƙarfi, a kasuwar Tsafe na sayar da shi ba da son raina ba. Kuɗinsa suka biya mini jirgin ƙasa daga Zariya, suka yankar mini tikitin jirgin ruwa, ragowar kuma mai masauki da masu sayar da abinci suka raba a tsakaninsu. Ranar da aka ce jirgi ya iso, ba ni da komai sai igiyar Inna da na ɗaure a ƙugu, ƙarƙashin riga.

Dala goma sha shida ne a igiyar, irin tsofaffin nan na azurfa masu kan wata mace mai kumatu. Wasu Inna ta gada wurin uwarta, wasu ta tara da kaɗin auduga. Kowacce maƙerin garinmu 'Yankuzo ya huda ta a gefe, don a zura zare a rataya a wuya ranar salla, kamar yadda matanmu suke yi. Ta cire su ne saboda yayana Hamidu, wanda ya tafi fataucin goro ya shekara bakwai babu shi babu labarinsa. Wani madugu na Gusau, Malam Tanko, shi ya kawo mana labarin cewa ya hango shi a wani zangon Hausawa na bakin teku yana ɗingishi. Sunan garin bai riƙe ba, don a lokacin amai ya kusa zazzage masa hanji. Ya dai ce tsakanin Ikko ne da Ankara ta ƙasar goro. Shi kuma ya yi mana lissafi: daga bakin teku zuwa Zariya, jirgin ruwa da na ƙasa, dala takwas ta ishi mutum ɗaya.

Da Inna za ta ba ni igiyar ta ce, “Nomau, takwas naka, takwas na yayanka. Kada ka kwance igiyag ga sai ka gan shi da idonka.”

Na ce to. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Bunguɗu ba, alkawari ba ya yi masa wuya.

Mu talakawa a fili aka zuba mu a saman jirgin, tsakanin buhuna da awaki da kejin kaji. Tun kafin ƙasa ta ɓace mini cikina ya juya. Na kwanta a jikin wani ƙarfe ina ta kakari, ina tambayar kaina me na yi wa Hamidu da zai jawo mini wannan. In na tashi salla, sai in kabbara ina fuskantar gabas, kafin in yi sallama jirgi ya juyar da ni wani wajen. Ruwan alwala da guga ake jawo shi daga teku, in ya taɓa leɓe sai ka ji kamar ka lashi kanwa.

Kusa da ni akwai wata dattijuwa Bayarabiya 'yar Ilori, Iya Salamatu, mai fataucin atamfa. Ta zauna a Zariya shekaru, Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai in ta zo wajen ƙa da ɗa ta wuce su abinta. Ta yanka lemon tsami ta miƙo mini, ta ce in tsotsa in daina kallon ruwa. Gambari take ce mini, sunan da mutanensu suke kiran Bahaushe da shi. Na karɓi lemon, amma na ƙara matse igiyata, don an gargaɗe ni a gida cewa duk wanda ya yi mini alheri a hanya wani abu yake nema.

Ta ce, “Gambari, ina za ka sauka?”

Na ce, “Ban sani ba, Iya. Duk inda jirgi yat tsaya sai in sauka in duba.”

Ta dube ni kamar yadda ake duban marar lafiya. “Kowace sauka da kuɗinta fa. Kuma kowane gari da nasa kuɗin.”

Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. A wurinmu kuɗi kuɗi ne. Wuri ne, ko sulen Bature, ko dala, kuma dala ita ce uwar su duka.

Tsayawar farko Kwatano ce, ƙasar Faransa. Jirgi bai isa gaɓa ba, can nesa ya tsaya. Wata doguwar gadar ƙarfe ce ta taso daga tudu ta shigo cikin teku a kan ƙafafu. Mai son sauka sai a zura shi cikin kwale-kwale, a kai shi gindin gadar, wata ƙugiya ta ɗaga shi sama cikin akwatin katako. Wani tafinta ya bi mu yana shela da Hausa cewa zuwa da dawowa dala ɗaya ne, kuma jirgi zai tashi kafin la'asar, wanda ya makara ya ga ta kansa.

Da na ji kalmar dala raina ya yi fari. Na ce ashe har nan an san kuɗinmu. Na juya baya na kwance igiyar Inna, ina ce wa kaina ai ba a ganin mutum sai an sauka an neme shi, saboda haka ban karya alkawari ba, lanƙwasa shi na yi kaɗan. Na zaro ɗaya na miƙa wa akawun da ke karɓar kuɗi. Ya juya ta, ya ɗaga ta saitin idonsa, ya leƙo ni ta cikin hujin, ya yi dariya, ya ajiye mini ita a gefen tebur.

Tafinta ya ce, “Malam, dalar nan garin daban ce. Tamma biyar ta Faransa ita ake ce wa dala. Wannan taka kayan adon mata ce. Je ka wurin mai canji.”

Masu canji sun riga sun hau jirgin da tirensu da ƙananan ma'aunai. Wanda na samu ya ce lafiyayyar dala irin tawa tamma huɗu yake saye, mai huji kuwa tamma uku. Na ce azurfar da maƙeri ya cire ba ta kai ƙwayar gero ba. Ya ce ba ruwansa. Na lalubo wani kwabo ɗaya da ya maƙale a aljihuna na nuna masa, na ce to ga kuɗin Bature ma da ƙaton rami a tsakiya, me ya sa ba a ƙi shi ba?

Ya ce, “Wannan Bature ne ya huda abinsa. Taka wa ya huda?”

Na ce, “Maƙerinmu na.”

“To kai wa maƙerinku ya canza maka.”

Na koma gefe na yi lissafi da yatsu, na sake yi, har sau uku, ko Allah zai sa ya canza. Masu huji huɗu a kan lafiyayyu uku. Ke nan sha shidan Inna sha biyu ne a bakin teku. Ban taka ƙasa ba, ban ci ba ban sha ba, huji ya cinye dala huɗu. Gabana ya faɗi sosai, amma na lallashi kaina da cewa in ta kama sai mu sauka daga jirgin ƙasa a rabin hanya mu ƙarasa da ƙafa. Na ba da biyu, aka ba ni tamma shida, na biya biyar, ɗayar aka farfasa mini ita da tarin jajayen kwabbai.

Zangon Kwatano ba shi da nisa. Sarkin zango mutum ne mai kirki, ya sa aka kawo mini kunu, ya tara fatoma uku, wato masu saukar da baƙi, aka yi ta tunani. Akwai Hamidu Bakano, akwai Hamidu mai wanki, akwai wani da ya rasu bara amma Babarbare ne. Bazamfare mai ɗingishi babu wanda ya san shi. Ina cikin godiya jirgi ya yi kuka daga teku, na kwasa da gudu cikin rairayi, takalmi a hannu.

Iya Salamatu ta ce mini tun da safe, duk canjin da ya rage in kashe shi a tudu, in sayi gurasa ko gyaɗa. Ban ji ba. Ni mutum ne mai riƙo, a gida ma an san ni da haka, sai na ƙulle kwabbaina a bakin rawani ina jin na yi dabara. Da ƙishirwa ta dame ni na je wurin ma'aikacin jirgin da ke sayar da ruwan daɗi a ɓoye, ya dubi kwabban ya mayar mini. A cikin jirgi kuɗin Ingilishi kawai ake karɓa. Na dawo na zauna da kuɗi a hannu da busasshen maƙogwaro.

Iya ta ce, “Kawo nan, Gambari. Zan sake biyowa ta Kwatano, a wurina suna da rai.” Ta ƙirga su ta ba ni kwabban Ingilishi daidai, ba ta rage ko anini ba. Na sayi ruwa na sha, na ji kunya, amma ban gode mata ba.

Washegari da hantsi muka tsaya a Lome, wadda a zamanin take hannun Jamus. Nan ma gada ce da ƙugiya, nan ma kuɗinsu daban, maki suke ce masa. Na tsaya a bakin jirgi ina gunaguni ni kaɗai, ina cewa wagga wace irin ƙasa ta, kowane kwana sai an sake wa kuɗi suna. Sai na ji an dafa kafaɗata.

“Wanga harshe na gida na. Kai mutumin ina na?”

Wani dogon mutum ne da jar hula dara, cikin 'yan kamashon da suka hau jirgi. Na ce 'Yankuzo. Ya tafa hannu ya ce shi ɗan Rawayya ne, sunansa Labbo. Ya tambaye ni damina, ya tambayi ko har yanzu ana cin kasuwar Bunguɗu yadda aka saba, ya ce shekara goma rabonsa da ganin dutsen Kwatarkwashi. Wata biyu ke nan ban ji an ce “munka” da “sunka” ba. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Na kwashe labarina duka na gaya masa, har da yawan abin da ke ƙuguna.

Iya ta yi gyaran murya daga kan tabarmarta, na yi kamar ban ji ba. Naka sai naka, in ji masu magana.

Labbo ya ce, “Jamus ba su da wasa, ɗan'uwa. In kaj je da kanka sai su tsare ka da tambaya. Kawo guda in yi maka komi.”

Na ba shi. Ya dawo da 'yar takarda, babu canji, ya ce daidai ta tashi. Muka sauka tare. Lome gari ne mai tsabta, tituna a miƙe kamar kunyar gona, amma ban ga daɗinsa ba, idona na kan fuskokin mutane. A zango na yi cigiyar yayana, wani tsohon mahauci ya ajiye wuƙarsa ya ce ya san shi. Hamidu Bazamfare, dogo, mai gyambo a ƙafar hagu. Ya yi masa dakon nama wata shida. Damina biyu ke nan da ya koma Kita wajen masu gishiri.

Na zauna a ƙasa. Yana da rai. Na buɗe baki zan tambayi mahaucin ina ne Kita, Labbo ya ja hannuna ya ce mu tashi, jirgi ya kusa kuka. A hanya ya ce Kita ƙasar Ingilishi ce, da nisa, ga ruwa a tsakani, sai da jirgi, kuma sa'ata gobe can jirginmu zai tsaya. Kuɗin komawa jirgi kuwa daban ne, Jamus ba sa haɗa zuwa da dawowa. Na sake kwance igiya. Da za mu rabu har addu'a na yi masa, na ce zan kai gaisuwarsa Rawayya.

Da na gaya wa Iya Salamatu an gan shi a Kita, ta riƙe haɓa.

“Kita? To me ya dawo da kai jirgi? Mata na ɗaukar kifi a ka su bi bakin rairayi daga Lome. In ka yi sammako, iyaka ka kwana ɗaya a hanya.” Ta tambayi nawa na biya, na gaya mata. Ta ce abin da Labbo ya karɓa na sauka kaɗai ya isa zuwa da dawowa.

Na juya na dubi Lome tana ƙanƙancewa. Ba asarar ce ta fi ci mini rai ba, harshen da aka yi amfani da shi ne. Da da Turanci aka cuce ni, da na ce rashin sani ne. Ran nan ban iya cin garin rogon da Iya ta jiƙa mini ba. Na zauna ina tuna furar da Inna ke damawa da nonon Fulanin bayan garinmu, ina jin na gaji da ruwa, na gaji da kuɗi, na gaji da mutane. Saura sha biyu a igiya.

A Kita babu gada. Manyan kwale-kwale ne masu matuƙa goma ke zuwa, su ɗebi mutane su ratsa raƙuman ruwa da su, kuma sulen Ingilishi suke karɓa. Na kama hanyar masu canji kamar mai zuwa wurin wanzami cire haƙori, Iya ta kira ni.

“Ba ni ɗaya. 'Yata za ta yi aure, a wuyanta zan rataya. A wurin mata huji ba aibi ba ne.” Ta biya ni kuɗin lafiyayyar dala cif. Ta ce da tana da hali da ta saye duka, amma kuɗinta na cikin atamfa. Ta ce jirgin nan zai juyo bayan kwana goma sha biyu kuma tana ciki, in mun samu hawa mu neme ta a gindin bututun hayaƙi. Sai a lokacin na yi mata godiya irin wadda ta kamata tun ranar lemon tsami.

Saukar Kita ba zan so wa maƙiyina ita ba. Ruwa ya ɗaga mu sama, ya sake mu, ya rufe mu, matuƙa suna waƙa kamar ba mutuwa ce a gabansu ba. Da muka kusa tudu wani ƙato ya saɓe ni a kafaɗa ya dire ni a kan rairayi, ya miƙo hannu sai da na ba shi taro.

Na sami Hamidu bayan azahar, a bayan gari, bakin wani tafki da ake kwasar gishiri. Yana zaune a wata rumfa yana ɗinke bakin buhunan kaba, ƙafar hagu a miƙe, an naɗe ta da tsumma. Hamidun da ya bar gida yana ɗaga damin dawa da hannu ɗaya, yanzu wuyansa bai fi na zakara ba. Na yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba.

Na ce, “Yaya, ni na. Nomau.”

Allurar ta faɗi daga hannunsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Inna ta mutu ko?”

“Tana nan. Ita ta aiko ni.”

Ya rufe fuska da hannu biyu. Na zauna kusa da shi muka yi kuka, masu gishiri suna wucewa suna kallonmu.

Labarinsa gajere ne. Ya sayar da jakunan Baba da kanwar da ya kawo, aka biya shi da wuri, buhu-buhu, ya ɗauka ya yi riba. Kafin ya isa inda ake sayen goro, masu goro sun daina karɓar wuri, sai sule. Ya yi ta yawo da buhunan yana neman mai saye, har abin da aka ba shi bai kai kuɗin jaki ɗaya ba. Kunya ta hana shi komawa. Ya ce zai yi dako ya mayar da uwar kuɗi tukuna, sai kurkunu ya fito masa a ƙafa, gishiri ya shiga ciwon ya zama gyambo.

Ya ce, “Da wane ido za ni duban Inna? Dukiyar gida na tahi da ita.”

Na ɗaga riga na kwance igiyar na ajiye masa a cinya. Ya gane ta nan take. Na ce, “Wagga daga wuyanta ta hito. Kana ganin jakkai take jira?”

Bai ƙara musu ba.

Kashegari na je wurin wani mai kanti da ke canji, ban gaya wa Hamidu ba. Na yi fatan ko a ƙasar Ingilishi huji ba laifi ba ne, tunda su ma suna huda nasu. Ya auna, ya faɗi abin da na riga na sani. Na zaga wajen matan gari ko za su saya don ado, su kuwa duwatsun wuya suke so, ba azurfa ba. Sha ɗaya masu huji suka tashi a kan takwas lafiyayyu da 'yan kwabbai. Kuɗin mutum ɗaya ke nan daga Kita zuwa Zariya, babu ƙari.

Kwanakin jiran jirgin nan sun fi mini tekun wahala. Da rana ina taya shi ɗinkin buhu muna samun na abinci, yana ta tambayata wa ya yi aure, wa ya rasu, ko tsamiyar ƙofar gidanmu na nan. Ni kuwa ina ta juya lissafi. In mun raba kuɗin, iyakarmu Ikko, mu zauna bara a garin da ya cinye mini jaki cikin kwana tara. In na ce mu bi ta ƙasa, ƙafarsa ba za ta kai shi bayan gari ba. In na ce mu zauna mu tara, na bar Inna tana tari, kuma ɗinkin buhu ba ya tara komai.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu da na tsufa. Shekara bakwai ni nake nome gonar, ni nake gyara shinge, ni nake kai mata itace. Amma kullum la'asar sai ta ɗauki tabarma ta zauna a ƙofar gida tana kallon hanyar Tsafe. Sau da yawa in za ta kira ni sai ta ce Hamidu, sannan ta gyara. Ina son yayana, amma ina kishinsa, kuma na daɗe da yanke wa kaina hukuncin cewa shi ne ɗan, ni mai aikin gida ne. Saboda haka da na zo zaɓen wanda za a aika mata, ban sha wahala ba. Har da ɗan ɗaci a ciki: ga abin da kike so nan, ki huta.

Ranar da jirgi ya dawo na yanki tikiti ɗaya. Ragowar kuɗin na ƙulle a lalita na ɗaura masa a ƙugu, na ce gara su zauna a wurinsa don ni hannuna ya cika yoyo. Na goya shi har bakin ruwa, matuƙa suka karɓe shi suka zaunar a kan buhuna.

Ya ce, “Shigo mana.”

Na ce, “Wanga ya cika. Ina cikin na baya. In ka hau ka nemi Iya Salamatu gindin bututu, ka ce mata kai na yayan Gambari.”

Suka tura. Na ga jar hularsa tana hawa tana sauka a kan ruwa, yana waiwaye. Kwale-kwale na biyu ya cika ya tashi, na uku ma haka, ina tsaye. Da jirgin ya yi kuka na juya na koma rumfar, na ɗauki allurarsa na ci gaba daga buhun da ya bari.

Sauran tafiyar ba ta da abin faɗi sai gajiya. Na yi ɗinki har rani, na bi masu gishiri zuwa Salaga, can na samu ayarin goro mai zuwa arewa na shiga a matsayin ɗan dako. Wata biyar kaya na kaina. Muka ratsa Bargu, muka haye Kwara a Yawuri, tafin ƙafata ya tsage har na daina jin ƙaya. A hanyar nan babu wanda ya tambaye ni irin kuɗin da nake riƙe da su, don ba ni da ko ɗaya. Na shiga 'Yankuzo ana huɗar dawa, fiye da shekara da fitata.

Hamidu na tarar a gona. Ya yi ƙiba, gyambon ya warke, sai ɗingishin. Ya jefar da fartanya ya rungume ni, sannan ya ture ni ya ce bai yafe mini ƙaryar kwale-kwale ba. Ya ce Iya Salamatu ce ta riƙe shi da zai faɗa ruwa ya dawo, ita ta yi jinyarsa har Ikko, ta sa shi a jirgin ƙasa da hannunta. Ina jin duk wannan ina kallon bakinsa, don na lura akwai sunan da yake kewayewa.

Na ce, “Inna fa?”

Ya ce tun da kaka, bayan an shigar da gero.

Muka zauna a kan kunya. Na ce to alhamdu lillahi, ta dai gan ka, hankalinta ya kwanta.

Ya girgiza kai. Ya ce ranar da ya iso ta shafa fuskarsa, ta yi kuka, ta sa aka yanka kaza. Sai ta dubi bayansa ta ce ina Nomau. Ya gaya mata. Washegari da la'asar ta ɗauki tabarmarta ta koma ƙofar gida, kuma ba ta fasa ba ko rana ɗaya har ta kwanta ciwo. In za ta kira shi sai ta ce Nomau, sannan ta gyara.

Ya ce, “Sau ɗaya tay yi maganar. Tac ce, ni ɗiyana biyu nika so cikin gida. Wa yac ce mishi musaya na aike shi?”

Na yi shekara ina zagin masu canjin bakin teku a raina, ina cewa sun rage wa dalolin Inna daraja. Ashe babu wanda ya yi mummunan awo irin nawa, kuma wadda za ta gyara mini lissafin tana ƙarƙashin ƙasa. Na tambayi Hamidu inda aka sa ta, ya ɗauki fartanyarsa ya wuce gaba yana ɗingishi, na bi shi a baya.